Darasin kiwo: yadda ake kula da tulun azot na barbarar zamani

Akwai hanyar da saniya ke ɗaukar ciki ba tare da bijimi ya hau ta ba. Ana ce mata barbarar zamani. Ma'aikatan sarwis na kiwo suna karɓar maniyyin bijimi mai kyawon iri, su zuba shi cikin ƴan tsinkaye na roba, su daskarar da shi. In saniya ta nemi sa, sai malamin bisashe ya ɗauko tsinke ɗaya, ya narkar da shi, ya sa mata. A Tukunus, kusa da Filinge, akwai gidan kiwo na gomnati inda ake kiwon shanun Azawak, waɗanda aka sani da yawan nono. Irin waɗannan bijimai ne ake son irinsu ya kai ƙauyuka masu nisa.

Abin da ke cikin tsinke ɗigo ne kaɗan, kwata ko rabin mililitir. Ba ya rayuwa sai cikin sanyi mai tsanani. Abin da ke riƙe masa sanyin shi ne tulun azot. In tulu ya lalace, tsinkayen duka sun mutu, kuma ido ba ya bambanta mataccen tsinke da mai rai. Za a yi wa shanu barbara, a zauna ana jira. Bayan kamar kwana 21 sai saniya ta sake neman sa. Kuɗi sun tafi, lokaci ya wuce, babu maraƙi, babu nono. Saboda haka duk wanda aka damƙa wa tulu, ko malamin bisashe ne ko ɗan ƙungiyar makiyaya, ya kamata ya san alamun lafiyarsa da alamun ciwonsa.

1. Mene ne azot?

Manoma sun san sunan azot daga takin zamani. A jikin buhun 15-15-15, lamba ta fari ta azot ce. Amma mafi yawan azot cikin iska yake. In an raba iskar da ake shaƙa kashi 100, kashi 78 azot ne, kashi 21 oksijan ne. Oksijan ita ce ke raya jiki. Azot ba ya da launi, ba ya da wari, ba ya kama wuta.

A masana'anta ana sanyaya iska ƙwarai har azot ya koma ruwa. Wannan ruwa yana kama da ruwan sha, amma sanyinsa ya wuce misali. Ruwan rijiya yana zama ƙanƙara a digiri 0. Wurin ƙanƙara na firigo yana kai digiri 18 ƙasa da sifiri. Ruwan azot kuwa yana digiri 196 ƙasa da sifiri. Duk abin da ke kewaye da shi ya fi shi zafi, har ƙanƙara. Shi ya sa kullum yana cikin tafasa, yana komawa iska, dare da rana.

Ga abin da ya fi muhimmanci: litir 1 na ruwan azot, in ya koma iska, yana zama kusan litir 700. Wato tano 3 da rabi, irin tano mai litir 200. Wannan iska dole ta sami hanyar fita. In an toshe mata hanya, sai ta matsa jikin tulu har ya fashe.

2. Yadda aka ƙera tulu

Tulun azot ɗan uwan tarmos ne, wanda ake zuba shayi ciki. Wani masani mutumin Sikotilan, Jems Diwa, shi ya ƙago wannan dabara a shekarar 1892. Tulu biyu ne, ƙarami cikin babba, na sanholo. Tsakaninsu an zuƙe iska duka, an bar sarari. Zafi ba ya ratsa sararin da babu iska cikin sauƙi. Wannan sarari shi ne ran tulu.

Tulun ciki yana rataye ne da wuya kawai. Wuyan ba ƙarfe ba ne, kuma nan ne wuri mafi rauni. In tulu ya faɗi, ko an jawo shi a ƙasa, ko ya sha jijjiga cikin mota, wuya na iya tsagewa. In ya tsage, iska ta shiga sarari, aikin tulu ya ƙare.

Marfin tulu na soso ne mai tauri. Da gangan aka yi shi sako-sako, don iskar azot ta riƙa fita ta gefensa. Cikin tulu akwai gwangwanaye masu dogon hannu kamar ludayi. Cikinsu tsinkaye suke. A kafaɗar tulu akwai wani ɗan wuri da aka rufe da roba ko ƙarfe. Ta nan aka zuƙe iska ranar ƙira. Ba a taɓa shi, ba a barin yara su yi wasa da shi, ba a barin ruwan azot ya zuba kansa.

3. Farar raɓa: wadda ba ta da laifi da wadda ke da laifi

In laimar iska ta taɓa wuri mai tsananin sanyi, sai ta daskare ta yi fari kamar an barbaɗa gari. Ita ake kira farar raɓa a wannan darasi. Tana nuna inda sanyi ya fito.

Farar raɓa cikin wuyan tulu, daga ciki, ba laifi ba ce. Kowane tulu mai lafiya yana da ita. Haka kuma in an gama cika tulu, ana ganin fari a bakinsa da kafaɗarsa, domin ruwa ya fantsama. Wannan yana narkewa bayan ɗan lokaci.

Wadda ke da laifi ita ce wadda ta fito a waje ba a cika tulu ba, ba a buɗe shi ba. In an ga fari ya kewaye kafaɗa ya ƙi narkewa, ko an ga gefe ɗaya yana zufa, ko gindi ya jiƙe, to iska ta shiga sarari. Tulun da ke riƙe azot wata da watanni yana iya ƙafewa kafin kwana ɗaya. Wannan ba abin da za a bari sai gobe ba ne. A ranar za a nemi wani tulu mai lafiya, a kawo shi gefe da gefe, a mayar da gwangwanaye ciki da sauri. Sa'an nan a sanar da sarwis na kiwo. Ba makanike ko maƙeri da zai iya gyara sarari a ƙauye. Walda ba ta gyara shi, ƙaro ba ya gyara shi.

Akwai abin lura game da yanayin ƙasar nan. Da damina iska tana da laima, farar raɓa tana fitowa sosai. Da ɗari da farkon bazara iska busasshiya ce, raɓar na iya zama kaɗan, har a kasa lura da ita. Don haka ido kaɗai bai isa ba. Kowace safiya mai kula da tulu ya kai bayan hannunsa kusa da jikin tulu, daga kafaɗa zuwa gindi. Tulu mai lafiya jikinsa daidai yake da sauran kayan ɗaki. In wani wuri ya fi sauran sanyi sosai, akwai magana.

4. Sandar awo da kaye

Sau da yawa tulu ba ya mutuwa rana ɗaya. Yana rauni ne sannu sannu, yana shan azot fiye da da. Abin da ke tona wannan shi ne awo da rubutu.

Ana awo da sanda ta itace ko ta baƙar roba, mai lambobin santimetir. Sandar ta zama cikakka. Ba a sa bututu ko kara mai rami, domin ruwan azot zai biyo ramin ya feso a fuska. A saka sanda a hankali har ta taɓa gindi, a ƙirga daga 1 zuwa 10, a fitar, a kaɗa ta cikin iska. Farar raɓa za ta fito a jikinta. Inda farin ya tsaya, nan ruwa ya tsaya.

A yi awo sau ɗaya kowane mako, rana guda, a rubuta cikin kaye: kwanan wata, santimetir nawa, da sau nawa aka buɗe tulu. Ga misali. Litinin ta fari an sami santimetir 30. Ta biyu 28. Ta uku 26. Wannan tulu yana shan santimetir 2 a mako. Litinin ta huɗu sai aka sami 20. Ya sha 6, ninki uku ke nan. Sai a tambaya: an buɗe shi da yawa a makon? An yi tafiya da shi? Marfi ya karye ko ya ɓata? An bar shi cikin rana? In amsa duka a'a ce, to sarari ya fara rauni, ko da ba a ga farar raɓa ba. A sake awo kowace rana, a nemi wani tulu tun da wuri.

Inda akwai sikeli, ana iya awo da nauyi. Litir 1 na ruwan azot yana da nauyin kusan giram 800.

Kada a jira tulu ya kusa ƙafewa kafin a aika neman azot. In ruwa ya sauka ya rage kashi ɗaya cikin uku, lokacin cikawa ya yi. Ƙauye mai nisa ya lissafa kwanakin hanya, musamman da damina in gulbi ya kawo. In tulu ya ƙafe ƙaf, sake cika shi ba ya tayar da tsinkayen da suka mutu. A faɗa wa sarwis gaskiya, a kai tsinke a duba shi da madubin likita kafin a sa wa saniyar kowa.

Tulun da ya ƙafe ya ɗumama, a hankali ake cika shi. A zuba kaɗan, a bar shi ya yi sanyi, sa'an nan a ƙara. A yi masa awo kwana biyu kafin a amince masa da tsinkaye.

5. Ƙanƙara a wuya da hatsarin toshewa

Laima tana shiga wuyan tulu duk sa'ad da aka buɗe. In marfi ya jiƙe aka mayar da shi haka, ko ruwan sama ya taɓa bakin tulu, ƙanƙara na taruwa. Tana iya manne marfi da wuya, ta toshe hanyar iska. Nan hatsari yake, domin azot bai daina tafasa ba.

Maganin wannan tun kafin ya faru ne. Tulu ya zauna inda ruwa ba ya ɗiga. In an ga ƙanƙara a jikin marfi, a cire shi, a sa wani busasshe, a bar na fari ya narke ya bushe a inuwa. In marfi ya ɓata, ba a maye gurbinsa da tsumma da aka cusa, ko totuwar masara, ko leda da aka ɗaure da roba. A nemi marfi na ainihi.

In marfi ya manne ya ƙi fita, ba a dukansa da guduma, ba a zuba masa ruwan zafi, ba a kai masa wuta. A fitar da mutane daga ɗakin, a buɗe ƙofa da taga, a kira ma'aikacin da ya san aikin.

Haka kuma ba a zuba ruwan azot cikin buteli, ko bido, ko tarmos na shayi a murɗe marfi. Zai fashe a hannu.

6. Babban tanki mai agogo

A manyan cibiyoyi, inda ake cika ƙananan tuluna, akwai babban tanki mai litir 100 ko fiye. Shi a rufe yake, yana aiki da matsin iska. Matsin ne ke turo ruwa cikin tiyo. A kansa akwai agogon matsi, da famfon ruwa, da famfon fitar da iska, da famfon ƙara matsi. Akwai kuma masu tsaro biyu. Na fari ƴar ƙofa ce da makanikai ke kira supap: in matsi ya kai iyaka sai ta buɗe da kanta, ta yi huci, ta rufe. Na biyu faifan ƙarfe ne marar kauri, wanda ke fashewa in supap ta gaza. Tankunan da ake ɗibar ruwa da su, da yawa supap ɗinsu na buɗewa a bar 1 da rabi. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar wajen bar 2. Iyakar kowane tanki tana rubuce a jikinsa.

In supap tana huci jefi-jefi, tanki lafiya lau yake. In tana huci ba tsayawa, a fara duba famfon ƙara matsi, wataƙila an manta shi a buɗe. In a rufe yake, a dubi agogo. In allura tana ƙasa da iyaka amma huci bai tsaya ba, ƙanƙara ce ko datti ya hana supap rufewa. In allura tana kan iyaka, kuma jikin tanki ya yi fari ko yana zufa, to sarari ya lalace. A kwashe ruwan cikin wasu tuluna, a daina aiki da tankin.

In matsi ya yi ƙasa, ruwa ya ƙi fitowa, a duba abu uku: ko famfon fitar da iska a buɗe yake, ko wata mahaɗa tana yoyo, ko tanki ya ƙare. Mahaɗa mai yoyo tana yin ƙwallon ƙanƙara ko da ba a aiki. In duka lafiya, a buɗe famfon ƙara matsi kaɗan, a dubi allura tana hawa, a rufe.

Farar raɓa a kan tiyo da famfo lokacin ɗibar ruwa ba laifi. Haka wadda ke fitowa wajen gindi sa'ad da famfon ƙara matsi ke buɗe. In an rufe famfuna duka, an kwana, fari bai tafi ba, shi ne abin tsoro.

Famfon da ƙanƙara ta kama, da ruwa mai ɗumi ake sake shi, a goge ya bushe. Ba a murɗa shi da ƙarfi da kile. Kuma ba a rufe famfo biyu a bar ruwan azot tsakaninsu cikin tiyo, domin tiyon zai fashe.

Babban kuskure shi ne toshe supap don hucinta ya dami mutane. A watan Janairu na 2006, a wata jami'a ta jihar Teksas a Amurka, wani tankin azot ya fashe. An tarar an cire masu tsaronsa biyu, an toshe gurbinsu da ƙarfe. Tankin ya tashi sama ya huda rufin siminti, ɗakin ya wargaje. Da yake cikin dare ne, babu wanda ya ji ciwo.

7. Tsaron mutum

Iskar azot tana korar oksijan daga ɗaki, kuma hanci ba ya jin ta. Mutum ba ya jin shaƙewa. Sai jiri, sai faɗuwa. Tulu mai litir 20, in ya zube duka, yana ba da litir 14.000 na iska. Wannan ya fi rabin iskar ɗaki mai metir 3 tsawo, metir 3 faɗi, metir 2 da rabi bisa. A watan Janairu na 2021, a wata masana'antar naman kaji ta jihar Jojiya a Amurka, ruwan azot ya malala cikin ɗakin aiki, ma'aikata 6 suka rasu.

Saboda haka tulu ya zauna a ɗaki mai taga buɗe. Ba a kwana ɗaki ɗaya da shi. Iskar azot mai sanyi ƙasa take kwanciya, inda mai tabarma ke sa kansa. In an ga mutum ya faɗi kusa da tulu, kada a ruga ciki. A buɗe ƙofofi da tagogi tukuna, a kira taimako.

Wajen tafiya, tulu ya tsaya a miƙe a bayan mota, a ɗaure shi, a sa masa katifa ko buhunan ƙaiƙayi a ƙasa da gefe. Ba a sa shi gaba tare da direba an rufe gilasai.

Ruwan azot yana ƙona fata kamar wuta. Mai aiki da shi ya sa tabarau, da busasshiyar safar hannu mai kauri, da takalmi rufaffe. Wanda ya zubo wa, ya sa wurin cikin ruwa mai ɗumi kaɗan. Ba a murzawa, ba a gasawa a wuta. A kai shi likita.

8. Wurin ajiya da ɗaukar tsinke

A ɗora tulu kan katako, a inuwa, wuri busasshe. Laimar siminti tana cin sanholo. Haka takin zamani, da gishiri, da kanwa. Kada a haɗa tulu da su a mangaza ɗaya.

Wajen ɗaukar tsinke, a tuna cewa bakin tulu ya fi cikinsa zafi ƙwarai. Maniyyi yana fara lalacewa tun yana digiri 130 ƙasa da sifiri, alhali ido na ganinsa a daskare. Don haka ba a ɗaga gwangwani ya wuce inda farar raɓa ta tsaya cikin wuya. A kama tsinke da hantsaki, ba da yatsa ba. In an ƙirga 10 ba a sami wanda ake nema ba, a mayar da gwangwani ƙasa ya sake yin sanyi. Kaye yana taimako a nan ma: in an rubuta bijimin da ke cikin kowane gwangwani, ba a daɗe ana nema. Tsinken da aka fitar, a narkar da shi cikin ruwa mai digiri 35 zuwa 37, kamar rabin minti. Ba ya komawa tulu kuma.

Lissafi

Wani tulu yana da santimetir 24 na azot. Yana shan santimetir 2 a mako. Ana so a cika shi in ya kai santimetir 10. Mako nawa ya rage? In motar azot tana ɗaukar mako 2 kafin ta iso, bayan mako nawa za a aika saƙo?

Tambayoyi don tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci

1. Don me aka yi marfin tulu sako-sako?
2. Wace farar raɓa ce ba ta da laifi, wace ce ke nuna tulu ya lalace?
3. Don me ido kaɗai bai isa ba lokacin ɗari?
4. Me za a fara dubawa in supap ta ƙi daina huci?
5. In mai kula da tulu ya yi tafiya, wa zai yi awo ya rubuta a madadinsa?

Tambaya ta 5 kowace ƙungiyar makiyaya ta amsa ta a taronta. Ya kamata a sami mutum biyu ko uku, maza ko mata, da suka iya karanta sandar awo, suka iya rubuta lamba cikin kaye.